Wa Kaka Ya Tsere Wa?

Shekara talatin Kaka ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, bai iya karanta ko ɗaya ba. Abin da aikin ya koya masa shi ne: takardar da ba ka iya karantawa, sa a karanta maka sau biyu, don maƙaryaci ba ya maimaita zance daidai. Gobe kuwa jikarsa za ta karanta abin da ta rubuta a kansa da Turanci a taron iyaye, kuma a sahun gaba za a zaunar da shi. Tsoro yake kada a yi masa dariya bai san dalili ba, don ya san halin kayarsa.

Yana shafa wa sarƙar keken mai jikar ta shigo, ta shiga jero masa gaisuwa.

"Lafiya lau, Amarya. Amma wannan gaisuwar ta yi tsawo, ban yarda da ita ba."

"Tsoho, gaisuwar ma sai an bincike ta?"

"Ruwa ba ya tsami banza. Miƙo takardar."

Ya ɗora yatsa kan kalmar da ta ja wa layi. Ta ce ita ce outrun, wato ku yi gudu da wani ka bar shi a baya. Ana faɗinta ga mutum, ga doki, har ga hadari in ka riga shi isa gida.

"To ni wa na tsere wa?"

"Kunkuru. Shi ma ƙafarsa ke ciwo."

"Ji mai ƙafa kamar sillen kara. Ni da na taɓa tsere wa inuwata, sai da na sha ruwa ta iso?"

"Gudunka take yi, saboda wannan hular."

Ya ƙyale ta ta ajiye jaka, ta wanke hannu, sannan ya ce ta sake karantawa.

"Hawainiya ka tsere wa."

"Ɗazu kunkuru ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ya miƙe zai kai wa mai kemis na bakin layi takardar ya karanta masa. Ta yi wuf ta tare ƙofa. Kunya ce ta kama ta, don jika ba ta yabon kaka a gaban idonsa. Ta karanta masa da Hausa tana kallon ƙasa: tana shekara uku zazzaɓi ya sumar da ita, babu mota, ga hadari ya haɗo. Kakanta ya goye ta da mayafin mamarta, ya taka keke, ya tsere wa ruwan har asibiti.

"Sake."

Ta sake. Ko kalma ɗaya ba ta sauya ba. Idonsa ya ciko, ya ce man keke ne ya shige shi. Ya kwance ƙararrawar keken ya danƙa mata yana dariya.

"Kin ci, ja'ira. Gobe in kin iso kan kalmar nan ki kaɗa min, in san lokacin gyara hula."