Wa Zai Yashe Kwatarmu?

Ranar Litinin da safe na zurma ƙafata ta dama cikin kwatar ƙofar gidanmu, har gwiwa. Wannan kwata, jama'a, shekara uku ke nan rabonta da gudana. Ruwanta ya yi kore shar, sauron cikinta har sun ga jikokinsu. Autarmu sau uku tana kwanciya zazzaɓi a daminar nan, na ƙarshen sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Ina wanke ƙafa ina tsine wa manya, maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, mita ba ta kashe sauro. An ce yau ƙungiyoyin kiwon lafiya sun kafa tebura a harabar asibiti suna ɗibar mambobi. Je ka shiga ɗaya, ko ma huta da bakinka."

Na sauya wando na tafi.

Teburin farko na masu yaƙi da sauro ne. Sakatarensu, wani mai ƙamshin turare, ya miƙo mini hula tun ban yi sallama ba. A gabanta an buga hoton Mai Girma Uban Ƙungiya, kumatu kamar za su fashe. Sauron da ake yaƙa kuwa sai da na sa tabarau na gano shi a gefe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a zo fesa magani a layinmu?"

Ya ce, "Haba dattijo, ai muna matakin wayar da kai. Taro huɗu muka yi a otal bana."

Na ce, "Madalla. Sauron ya samu halarta?"

Ya karɓe hularsa.

Tebur na biyu na masu koyar da wanke hannu ne. Shugabarsu, uwargidan wani babba, ta tsaya gaban famfon asibitin tana murza tafukanta, mai hoto yana ta ƙyasta mata. Famfon nan ni shaida ne, tun haihuwar autarmu bai ɗiga ba. Na matsa cikin ladabi na ce, "Ranki ya daɗe, ina ruwan?"

Ta harare ni ta ce, "Ina ruwanka?"

Wallahi ban taɓa jin amsar hukuma da ta kai wannan gaskiya ba.

Na uku ba ƙungiya ba ce ma, kwamiti ne da aka kafa don ya binciki abin da ya hana kwamitin bara zama. Kujerunsu shida, babu kowa a kai.

Har na kama hanyar gida, sai na ga wata tsohuwar nas da ta yi ritaya zaune a benci a bakin ƙofa. Ba tebur, ba ƙyalle, sai littafin makaranta da biro. Na ce, "Inna, ku me kuke rabawa?"

Ta ce, "Aiki. Kana da shebur?"

"Akwai."

"To ka zama mamba. Wane layi ne naka?"

Ranar Asabar da sassafe sai ga su su goma, ciki har da tela, mai faci, malamar firamare, mai wanki da guga, da ita Inna a gaba da takalmin roba. Muka naɗe wanduna muka shiga. Mun fito da leda ta cika buhu tara, tayoyi biyu, da wata katifa da har yau babu maƙwabcin da ya amsa tasa ce. Wajen azahar ruwan ya motsa, ya yi gurnani, ya wuce. Maiɗakina ta tsaya riƙe da hannun auta suna kallo, ni kuma na juya baya kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Muna cikin haka muka ji jiniya. Motoci biyar. Mai Girma na jikin hula ne da kansa, cikin fararen kaya, da sakatare da mai hoto. Ya toshe hanci da hankici, ya karɓi shebur daga hannuna, ya riƙe shi a juye. Aka ƙyasta. Ya yaba wa ƙungiyarsa bisa wannan gagarumin aiki, ya ja kunnenmu mu riƙa tsabta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Tela ya zabura zai yi magana, Inna ta riƙe rigarsa ta ce, "Ƙyale shi, ɗana. Ruwa dai ya wuce ko bai wuce ba? Asabar mai zuwa layinka ne."

Saboda haka, mai karatu, in kana neman ƙungiyar da za ka shiga, dubi tafin hannun shugabanta kafin ka dubi ƙyallenta. In kuma ka ga Mai Girma a jarida riƙe da shebur, ka taimaka ka isar masa da gaisuwata. Mai tsaron lafiyarsa ya sa shebur ɗin nawa a bayan mota sun tafi da shi, kuma ranar Asabar ina da aiki.