An Kira Jikata Sau Tara, Wai Ba Ta Zo Ba

"Ba ta zo ba? Yarinyar da nake kawowa da hannuna kwana uku a jere, ina tura ta ƙofar nan, ita ce ba ta zo ba?"

"Kaka, ki daina buga mini taga," in ji Akawu. "Ga littafi nan. Litinin, ba ta zo ba. Talata, ba ta zo ba. Laraba, ba ta zo ba."

"To waccan mai jan ɗankwali a kan benci fa, da take kallon bakinka kamar za ta ƙirga maka haƙora? Aljana ce?"

"Ni ban san benci ba. Littafi na sani."

Jama'a masu karatu, ku gafarce ni, na jefo ku tsakiyar faɗa ko gaisawa ba mu yi ba. Ku gyara zama in ɗauko muku daga tushe.

Ina da jika, shekararta tara, muna kiranta Zabuwa saboda wuyanta ba ya zama wuri ɗaya. Tana da shekara biyar wani zazzaɓi ya zo ya tafi da jinta, ya bar mata idanu biyu da suka fi kunnuwan unguwarmu duka aiki. In tana ganin bakinka, to ta gama da kai. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, ina son labari. Wasu na cewa gulma, ni ina cewa kula da maƙwabta. Tun da ƙafata ta fara ciwo na daina zagaye, Zabuwa ce take riƙe da ni. Mu zauna a ƙofar gida, mata biyu su tsaya can nesa suna raɗa, ita ta kalla, ta juyo ta zayyana mini da hannu. Maganar hannunmu ta gida ce, mu muka ƙirƙiro abinmu. Mai Wanki shi ne murza hannu biyu. Uwar Tagwaye yatsu biyu a ƙirji. Surukina, ubanta, shi ne hamma.

To makarantar unguwarmu ta ce ba ta da malamar da ta iya maganar kurame. Uwar yarinyar, wato 'yata, ta ce in haka ne sai a kai ta makarantar kwana, tafiyar yini guda a mota, a riƙa ganinta sau uku a shekara. Yarinyar da har yanzu sai ta riƙe bakin zanena take barci! Na ce a kashe ni tukuna.

Ana cikin haka sai Allah ya jefo mana Ofishin Rungumar Kowa. Suka yi shela cewa duk unguwar da aka yi wa yara kurame goma sha biyu rajista kafin ƙarshen ranar Alhamis, za a turo wa makarantarta malama. A rediyo suka yi shelar. Ni dai na yaba musu, don ba kowa zai yi tunanin neman kurame ta rediyo ba. Sai mai ilimi mai zurfi.

Na ɗaure ƙafata da tsumma na bi gida-gida. Wa ya san gidan da ke da yaro kurma in ba ni ba? Na san wanda ake ɓoyewa a ɗaki in baƙi sun zo, na san wadda aka ce wa dangi wai kunya ce take hana ta magana. Goma sha huɗu na tara. Aka yi musu wanka, aka ɗauki hoto, aka manna a fom, muka ɗunguma ranar Litinin.

Ofishin kuwa, tubarkalla. An zana yara a bango suna riƙe da hannun juna suna dariya, har da mai keke da mai sanda. A bakin ƙofa Maigadi ya tare mu, ya ce yara kaɗai za su shiga, iyaye su tsallaka titi su jira.

"Saboda me?" in ji Uwar Tagwaye.

"Sabon tsari ne. Don yaro ya koyi dogaro da kansa."

Muka tsallaka muka zauna kusa da mai injin niƙa, inda ko tunanin kanka ba ka ji. Ƙarfe biyu aka sako mana yara, babu takarda, babu bayani. Aka ce a dawo gobe. Muka dawo gobe. Aka ce a dawo jibi.

Ni fa da farko ban damu ba, don Zabuwa tana dawo mini da kaya masu daɗi. Ashe tsakanin bencin yara da ɗakin ma'aikata gilashi ne kawai, ƙaton gilashi, ga su nan kamar kifi a kwalba. Su kuma da yake sun san yaran ba sa ji, sai suka saki baki. Kullum da yamma in shimfiɗa tabarma, ta tsaya a gabana ta yi mini su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai tumbi. Akwai mai jan baki da ke buga na'ura da yatsa ɗaya. Akwai kuma wani siriri, ta ce, tun safe yake lasar wani baƙin abu mai igiya, ya lasa ya duba littafi, ya lasa ya duba littafi. Na yi dariya har da hawaye. Na ce ma'aikatan zamani, har abin lasa ake ba su.

Ranar Laraba da yamma Mai Wanki ya leƙo ta katanga yana baza riguna.

"Kaka, an samu malamar?"

"Ana kan tsari."

"Wane tsari?"

"Tsarin da ake kai."

"Gobe fa Alhamis. Na ga 'yarki ta sayo akwatin ƙarfe, har an rubuta sunan yarinyar a jiki."

Nan dariyata ta tsaya. Na shiga ɗaki na ga akwatin a ƙarƙashin gado, sabo fil, da ɗan kwado a rataye. Shi ya sa yau da sassafe na zagaya ta bayan ofishin na samu tagar Akawu, muka fara abin da kuka tarar muna yi.

"To tsaya," na ce masa. "Yaya ake gane wanda ya zo?"

"A kira sunansa ya amsa. Sau uku nake kira kullum. Jikarki sau tara ke nan."

"Da me kake kiran?"

Ya gyara wuyan riga, ya ɗago wani baƙin abu mai igiya ya nuna mini, fuskarsa cike da alfahari.

"Da lasifika. Sabuwa dal. Har bango rawa yake in na yi magana."

Jama'a, abin lasar ke nan. Ya manna shi a baki ya rufe leɓensa ruf, wurin da yarinyar za ta duba ta gane sunanta ma ya toshe shi.

"Ɗan nan, yaran nan me ke damunsu?"

Ya duba littafi. "Ba sa ji."

"Kai kuma kana kiransu da me?"

"Ai shi ya sa aka sayo mai ƙarfi."

Mutum irin wannan ba a yi masa gardama, addu'a ake yi masa. Na zagayo gaba na nufi ƙofa kai tsaye. Maigadi ya ce, "Kaka, tsaya!" Na ci gaba. Ya ce, "Ke tsohuwa, da ke nake!" Na ci gaba da tafiyata ina kallon sama. Ya biyo ni yana ihu a bayan kunnena, sai na ga ya tsaya yana sosa ƙeya, don ba a taɓa gaya masa abin da zai yi da kurma mai furfura ba.

Ga yaranmu goma sha huɗu a jere kan benci, hannu a cinya, tsaf da su. Kwana huɗu suna dogaro da kansu. Na kama hannun Zabuwa muka tura ƙofar gilashi.

Mai tumbin nan ashe shi ne Mai Girma Babban Mai Kula da Masu Kula da Yara, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Na durƙusa iya yadda gwiwa ta yarda.

"Ranka ya daɗe, inuwar marasa inuwa, kunnen marasa kunne. Mun zo a rubuta mu."

"Wa ya bar ta ta shigo?" Ya dube ni ta saman tabarau. "Baba, an rufe. Ga rahoto an gama bugawa." Ya ɗaga takarda ya karanta mini da murya irin ta masu jawabi. Wai bayan kira sau tara ba a samu ko yaro ɗaya ba, wanda hakan ke nuna irin nasarar da ofishin ya samu, domin a halin yanzu babu sauran kurma a unguwar.

"Kai, madalla! Ranka ya daɗe, ka warkar da su ke nan. To waɗancan na kan benci fa?"

Ya leƙa. "Waɗannan masu jira ne."

"Jiran me?"

"A kira su."

Na nemi wurin zama ban samu ba, sai na ɗosana a gefen teburin Akawu, kusa da baƙin abin nan nasa. Allah ya sani ban san a kunne yake ba. To, na ɗan sani. Na taɓa kafaɗar Zabuwa, na yi mata alamar da muke yi in an shimfiɗa tabarma. Idonta ya kawo haske. Ta gyara tsayuwa, ta turo ciki gaba, ta fara.

"Ranka ya daɗe, yarinyar tana gaishe ka," na ce, sai na ji muryata ta fito ta rufin ɗaki kamar tsawa. "Ta ce biskit ɗin da aka kawo wa yara ranar Litinin, a aljihun teburinka na ƙasa yake, saura fakiti biyu. Ta ce kana tsoma shi a shayi."

Mai jan baki ta daina buga na'ura.

"Ta ce ranar Talata ka gaya wa uwargida a waya kana tsakiyar taro, alhali ƙafarka na kan tebur kana shafa wa gemu baƙin shuni da buroshin haƙori."

Wani ya tuntsire da dariya a ɗakin baya. Masinja ya leƙo. Maigadi ya leƙo. Har mai injin niƙa, an ce, ya kashe injinsa.

"Ta ce in ka fita, wannan baiwar Allah mai jan baki tana kiranka Randa."

"Ƙarya ne!" in ji mai jan baki. "Akawu ne ya fara!"

"Ni Tulu na ce!" in ji Akawu.

Mai Girma ya miƙe, gemu na rawa. "Yarinyar nan ba ta ji! Yaya aka yi ta ji?"

"Ba ta ji ba, ranka ya daɗe. Ai ba ta ma zo ba. Yana cikin littafi."

Daidai nan Zabuwa ta ja mini hannun riga, ta haɗe gwiwoyi, ta nuna ƙofar baya da yatsa, ta karkaɗa hannu da sauri-sauri. Na zaro ido. Na dafe ƙirji. Na dubi Mai Girma, na dubi ƙofar baya, na sake dubansa.

"A'a, Zabuwa. Wannan kam ya yi nauyi. Mutum mai iyali." Na jawo baƙin abin kusa da bakina. "Amma tun da an rufe rajista, ba mu da abin yi sai hira..."

Ban taɓa ganin mai tumbi ya yi tsalle irin wannan ba. Ya fizge igiyar daga bango. Ya ce wa Akawu, "Rubuta su! Duka! Yanzu!"

"Yallaɓai, sai sun amsa kira. Kuma ka cire lasifikar."

Zabuwa ce ta raba gardamar. Ta kalli bakinsu ta gane inda aka maƙale, ta kwashi fom ɗin daga tebur, ta fita wurin benci. Ta ɗaga na farko, mai hoton ɗan gidan Mai Faci. Yaron ya ga fuskarsa, ya ɗaga hannu yana washe baki. Ta ɗaga na biyu. Kafin shayin Mai Girma ya huce an gama, goma sha huɗu cif. Hotunan nan fa tun Litinin suke manne a gaban Akawu. Ya ce ba a koya musu wannan tsarin ba a wurin bita, amma zai rubuta a kafa kwamiti ya duba.

Mai Girma ya buga hatimi, ya miƙo mini takardar malama ba tare da ya kalli idona ba. Na ninke ta na soke a ɗankwali. Akwatin ƙarfe kuwa na riga na yi masa aiki, zan riƙa zuba tsummokarana.

Na san za ku tare ni a hanya ku ce, Kaka, mene ne abin nan na ƙofar baya? To ku huta. Yarinyar cewa ta yi fitsari take ji, a nuna mata banɗaki. Abin da shi Mai Girma yake yi a ƙofar baya, shi da Mahaliccinsa suka sani. Amma ina nan ina bincike.

Shi dai Mai Girma a ranar ya ɗauki hularsa, ya juya mana baya don kada a ga bakinsa, ya faɗi abin da ya faɗa, ya fita ya maka ƙofa da ƙarfin da sai da benci ya girgiza. Yara goma sha huɗu suka waiwaya a tare. Kwana huɗu muna zarya, sai a lokacin ofishin ya yi maganar da ta isa gare su.