Tsibin Kashin Shanu

A wani daji mai tafki ɗaya tak, shanu suka mai da tudun da ke saman ruwan makwancinsu. Rani guda suka yi a wurin, kashinsu ya taru ya zama tsibi.

Wata macen kwaɗo mai suna Tasalla ta zuba ƙwanta a gefen tafkin, daidai ƙarƙashin tudun. Wuni take tana kallon baƙaƙen ɗigon nan a cikin yauƙi, tana raɗa musu sunaye tun ba su motsa ba. Ta kuma san ruwan farko zai wanko tsibin ya juye musu a kai.

Ta kai kuka majalisar dabbobi, inda Raƙumin Dawa ke shugabanci, wanda tsawon wuyansa bai taɓa barin warin ya kai hancinsa ba. Bajimi, babban san garken, ya miƙe yana tuƙa.

"Ranka ya daɗe, abin da ya fita jikinmu ya taɓa ƙasa, na ƙasa ne. Mu ciyawa muka sani. Wanda ya ga tsibi ya dame shi, ai ba mu ɗaure masa hannu ba."

Aka kafa kwamiti, aka watse.

A hanyar komawa Gafiya manomiya ta tare ta, ta ce ita da 'ya'yanta za su kwashe tsibin kaf zuwa gonarta, ba ta neman komai, a dai ba ta izini. Ai taki ne, in ji ta, gonar da ta sha shi wakenta sai an gaji da roro.

Daɗi ya hana Tasalla yin shiru. A zama na gaba ta tsaya ta yabi Gafiya, ta yabi takin, har ta zayyana irin waken da zai fito.

Bajimi ya daina tuƙa.

"Baiwar Allah, kika ce wake? To, wannan guminmu ne, daga cikinmu ya fito. Ba mai taɓa shi sai an yanka mana rabonmu na harawa."

Tumaki suka tuna su ma sun taɓa kwana a tudun. Jaki ya ce a duba ƙasan tsibin, za a ga nasa. Shugaba ya sa Kare gadi, kada ko buzuzu ya mirgina wani abu kafin kwamiti ya gano mai shi. Gafiya ta zo da kwandunanta, aka kore ta.

Tasalla ta roƙi a matsar da shi kawai, a ci gaba da shari'ar daga baya. Aka ce taɓa shaida laifi ne.

Hadari ya haɗu ranar wata Laraba. Da aka ɗauke ruwa, tudun ya fita fes, tafkin ya koma kamar kunun kanwa da ya kwana. Tasalla ta yi ta nutso tana kiran sunaye har muryarta ta dushe.

Washegari majalisa ta yi zaman gaggawa, ta tura wakilai su jajanta wa Bajimi asarar dukiyarsa.