Nomau da Kujerar Direba

A Rijiyar Bagaruwa, bayan tashar mota, akwai gidan Inna Tasalla, tsohuwa mai ƙarancin magana. Ɗanta na fari, Ilu, baduku ne da ya bar ɗinkin jaka da takalmi ya koma gyaran kujerun mota a tasha. Sai ƙaninsa Nomau, wanda gemu ya cika wa haɓa, amma har yau in ka ce masa ya sa ido a tukunya, to ka yi saurin riƙe masa kai. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Magana ce kawai yake haɗiyewa da ɓawonta, yadda ta fito daga baki.

A ƙofar gidan, ƙarƙashin darbejiya, akwai tsohuwar Fijo ta mahaifinsu, Malam Barau direba, wanda ya shekara talatin yana jigila tsakanin Gumel da Haɗeja. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Duk duniya shi kaɗai ya iya yi wa Nomau magana. Ba ya cewa "sa ido." Cewa yake, "Zauna kusa da tukunyar nan, in ta tafasa ka kira ni." Tun da aka binne shi Nomau bai ƙara yin aike daidai ba, kuma ya san da haka. Kullum da hantsi yakan shiga motar ya zauna a kujerar mai zaman banza, ya yi ta kallon ta direba, kewa tana cinsa. Ita kuwa Inna ko kallon motar ba ta iyawa, ta ƙofar baya take fita.

Wata rana Ilu ya ce zai gyara kujerun ya sayar da motar kafin ta zama gidan ɓeraye. Inna ta ce, "Yadda kuka gani." Nomau bai so ba, amma bai saba musu da babba ba. Ilu ya miƙa masa kwanon man shanu ya ce, "Rana ta busar da fatar nan. Ba ta mai ta sha ta ƙoshi." Nomau ya ɗora kwanon a kan kujera, ya ce, "Bismillah." Ya jira, kujera ba ta taɓa ba. Ya ce a ransa kunya ce, wa zai ci abinci ana tsaye a kansa? Ya fita ya juya mata baya, ya bar ƙofa a buɗe. Kyanwar maƙwabta ba ta san kunya ba. Da Ilu ya dawo, Nomau ya tare shi da murna: "Yaya, ta sha, har ta lashe kwano. Ashe yunwa ce ke damunta."

Wata rana kuma, bayan Ilu ya shafa man da hannunsa, sai aka zo batun launi. Kujerun sun koɗe, sai an yi musu sabon rini. Ilu ya ce, "Je kasuwa ka samo mini ruwan hanta, kar ka kawo mini ruwan goro ko ruwan ƙasa." Nomau ya ɗauki bokiti, ya wuce rumfar masu rini ko waiwaye bai yi ba, sai mahauta. Ya tsaya har aka wanke hantar shanu biyu da ta raƙumi, ya roƙi ruwan, aka ba shi ana dariya. Ya shigo unguwa da bokiti a ka, ƙudaje na yi masa rakiya, karnuka uku na biye. Ilu ya leƙa bokitin, ya toshe hanci.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan hanta, Yaya. Sabo ne, a gabana aka wanke."

Ilu ya ɗaga hannu, ya sauke. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Nomau ya je ya zubar da ruwan, ya zauna a mota har azahar yana tunanin yadda Baba zai faɗa masa da shi ne ya aike shi.

Wata rana Ilu ya ce to, tunda baki ya kasa, bari a aika da shaida. Ya ba Nomau aska ya ce, "Yanko 'yar fata daga kujerar direba, mu kai wa mai rini ya gwada kala. Amma ka yanko daga inda ido ba ya gani." Nomau ya zagaya kujerar. Ya leƙa ƙasa, yana gani. Ya leƙa baya, yana gani. Duk inda ya duba, ido na gani. Can dabara ta faɗo masa: ya runtse ido gam, ya kai aska. Da ya buɗe, ga tafkeken rami a tsakiyar majingina, soso ya leƙo. Garin neman gira an rasa ido. Dole Ilu ya kware fatar kujerar gaba ɗaya, ya sa sabon soso, ya ɗinka sabuwar fata fara sol. Nomau ya tsaya yana kallonta. Ta yi kyau, ta miƙe, amma kamar ba a taɓa zama a kanta ba. Ranar bai ci tuwo ba.

Wata rana, ranar da dillalin mota zai zo da la'asar, aiki na jiran Ilu a tasha. Ya haɗa rinin da kansa, jan karan dafi da ɗan baƙin kuloko, har ya dace da sauran kujerun. Ya ce, "Shafawa ce kawai taka, ko makaho zai iya. Ka mai da ita yadda take a da." Ya tafi.

Nomau ya shafa rini tas, ya ja da baya ya duba. Launi ya yi, amma ba haka take a da ba, shi kuwa ya fi kowa sanin yadda take. Ya ɗauko taɓarya ya yi ta kirɓa mazaunin har ya lotsa ta gefen dama, don Baba yana da ciwon ƙugu, a karkace yake zama. Ya ƙara kuloko a tsakiyar majingina, inda gumin bayansa ya yi duhu. Ya goge gefen kujerar na wajen ƙofa da toka har ya koɗe, inda rigar Baba ke gogawa in zai shiga. Ya tauna goro ya ɗiga a gaban mazauni, ɗigo uku. Sannan ya shafa ɗan turaren Baba da ya rage a aljihun mota, daidai inda ƙeya ke taɓawa.

Da la'asar Ilu ya iso da dillali. Dillali ya leƙa ya ce, "Wannan ce sabuwar? Ai gyaran gangar Auzinawa aka yi muku."

Ilu ya yi kan Nomau. "Me na ce maka?"

"Ka ce yadda take a da, Yaya."

"Yadda take tana sabuwa!"

"Ni ban san ta tana sabuwa ba. Da Baba a kanta na san ta."

Hayaniyar ce ta fito da Inna, ta ƙofar gaba, ba ta ma lura ba. Ta zo za ta raba su, idonta ya faɗa cikin motar. Ta tsaya. Ta miƙa hannu ta taɓa duhun majinginar, ta bi lotsawar da tafinta a hankali, ta sunkuya ta shaƙa. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ilu ya dubi kujerar sosai a karon farko.

Inna ba ta kiran sunan ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, sallami baƙonka. A ba shi haƙuri."

Dillali ya kama hanya. Inna ta zagaya ɗaya gefen ta ce, "Nomau, buɗe mini." Ya buɗe. Ta tattara zaninta ta zauna kusa da kujerar direba. Ya kama ƙofar zai tura, ta ɗaga masa hannu.

"A hankali. Babanku ba ya son a buga masa ƙofa."

Nomau ya rufe ta a hankali.