Kifin Kenai Sai ta Baki

Wani bawan Allah ne daga Anchorage, irin 'yan birnin nan da ba su san kifi ba sai a faranti. Shekara shida yana auren Darlene, 'yar tsoho Vernon, amma tsohon bai taɓa kiran sunansa ba. Sai dai ya ce, "wancan na Darlene." Abin yana ci masa rai ba kaɗan ba. Rannan ana cin abinci, tsoho yana mitar cewa ɗakin bandar kifinsa wayam yake bana, ciwon gwiwa ya hana shi zuwa kogi. Sai gogan naku ya bugi ƙirji.

"Baba, bar min wannan. Kwana biyu kacal zan yi a kogin Kenai in cika maka ɗakin."

Tsoho ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kawo guda ɗaya tak. Ranar zan koyi sunanka."

Asabar da hantsi sai ga shi a bakin kogi nan wajenmu, komai nasa sabo fil. Sandar fatsa, wandon roba har ƙirji da takardar kanti tana reto a gindinsa, ga wata kula da za ta ci ɗan maraƙi. Lokacin da kifin salmon ke hawowa kogi daga teku ne, mutane sun jeru a gaɓa ba masaka tsinke. Ya kutsa tsakanin wani ƙato da Iya Lorna, tsohuwar da ta fi shekara arba'in tana tsayawa a kan dutse guda.

Jifan farko ya kamo hular ƙaton. Na biyu ya kamo wandon kansa ta baya, ya yi ta ja yana cewa babba ne. A na uku ya harɗe zaren mutum biyar, aka yi rabin awa ana kwancewa ana gaishe shi da gaisuwar da ba ta faɗuwa.

Can rana ta take sai sanda ta lanƙwashe. Iya Lorna ta ce, "Ɗana, faɗa musu mana."

Ya ƙwala, "Kifi!"

Kowa ya naɗe zarensa ya ba shi fili, yadda aka saba. Ya janyo shi gaɓa, fari tas yana ƙyalli. Sai dai ƙugiyar a wutsiya take. Zai jefa shi a kula ke nan ya ji gyaran murya a bayansa. Malamin daji ne, hannu a aljihu.

"Maida shi ruwa."

"Yallaɓai, ni fa na kama shi."

"Ta ina?"

"Ta wutsiya."

"To doka ta ce ta baki. Maida shi."

Ya mayar, kamar ya yi kuka. Na biyu ya zo da ƙugiya a gadon baya, aka ce maida. Na uku a ciki, maida. Na huɗu a kumatu, dab da baki.

"Yallaɓai, dubi Allah. Yatsa biyu ne fa tsakani."

Malamin daji ya ce, "Ni ma yatsa biyu ne tsakanin hancina da bakina, amma ban taɓa cin abinci ta hanci ba. Maida shi."

Duk wannan abin, Iya Lorna ta riga ta kama ukun da doka ta yarda a rana, tana zaune tana shan shayi. Mutumin ya matsa kusa da ita.

"Iya, don Allah me kike sa musu a ƙugiya?"

"Ba komai. Ɗan jan zaren ulu ne."

"To me suke ci?"

"Ai in sun baro teku sun shigo kogi, sun gama cin duniya. Ƙwai za su je zubawa, ba ta abinci suke ba."

"Kifin da ba ya ci, shi aka ce in kama ta baki?"

"Yana buɗe bakin ai. Kai dai ka bar zare ya bi ruwa, in ya buɗe sai ya ratsa."

Wannan magana ta zauna masa. Lahadi da safe muka tarar da shi sunkuye a bakin ruwa yana ta zabga hamma. Ƙaton nan ya ce, "Kai, lafiya?"

"Ba ka san in an yi hamma na kusa yakan ɗauka ba? So nake su buɗe baki."

Kafin awa guda, gaɓar nan kaf hamma ake yi. Ƙato yana yi, Iya Lorna tana yi, malamin daji yana yi har da hawaye. Kifi ne kaɗai bai ɗauka ba.

La'asar ta yi. Ƙarfe biyar dole ya kama hanya, gobe akwai aiki. Kula ba komai sai narkakkiyar ƙanƙara. Ga Darlene ta bugo waya, wai Baba ya ce a tambayi wancan itacen banda nawa za a faskara. Hankalinsa ya tashi sosai, har ni da nake masa dariya na ji tausayinsa.

Yana tsakiyar wata doguwar hamma, ya manta da zare yana bin ruwa, sai sanda ta nemi ƙwace masa. Wani ƙaton kifi ya yi tsalle, ƙugiya a leɓe raɗau. Malamin daji ya kare ido da hannu ya ce, "Wannan kam ta baki ce."

Aka ba shi fili. Yana ja, kifi yana ja. Saura taku biyar sai ciyawar tsallake ta motsa, wani tafkeken beyar, mugun naman dajin nan mai gashi da manyan farata, ya fito ya shiga ruwa ba ko gaggawa. Kowa a nan ya san abin yi: ka yanke zare, ka ja da baya a hankali. Mutane suka fara zamewa. Iya Lorna ta miƙo masa 'yar wuƙarta.

"Ɗana, yanke."

"Iya, sunana ne fa a ƙugiyar nan."

"Yanke, kafin a rubuta shi a kan dutsen kabari."

Bai yanke ba. Beyar ya iso, ya dube shi, ya dubi kifi, ya cafki kifin ta tsakiya. Zare ya tsinke tas. Ya koma kan tsakuwar tsallake ya zauna daram, ya fara ci yana kallonmu.

Mutumin ya fito daga ruwa, wando yana fatsar-fatsar, ya tsaya a gaban malamin daji.

"Yallaɓai, a idonka aka yi. Ta ina ya kama shi?"

"Ta gadon baya."

"Doka me ta ce?"

"Ta baki."

"To ka sa shi ya mayar. Ko dokar ta 'yan birni ce kawai?"

Malamin daji ya zaro littafi da biro daga aljihu, ya buɗe shafi.

"Gaskiyarka, ya karya doka. Je ka karɓo min lasisinsa na kamun kifi in rubuta."