Lalle a Bangon Gidan Haya

Ranar Laraba ce. Da safe 'yata Zahra'u ta sha kunu ta bar ƙosai, ta ce ya yi yaji. Na ajiye ta a makarantarsu kafin in wuce sakandaren da nake koyar da lissafi a Faskari. Da azahar ta dawo tana rera wata waƙar ƙidaya da aka koya musu. Bayan la'asar mahaifiyarta, Amatullah, ta ƙunsa mata lalle saboda sunan da za a yi a maƙwabta. Zahra'u ba ta iya jira ba. Kafin magariba ta kwance ƙunshin, ta dafa bangon da ke gefen ƙofar ɗaki da hannun dama, yatsu biyar suka fito sarai a kan farar ƙasa. Na yi mata faɗa, na ce gidan haya ne. Washegari zazzaɓi ya kama ta. Tana da sikila. Ran Asabar muka kai ta makwancinta. Shekarunta bakwai.

Bayan 'yan watanni aka canza mini wurin aiki zuwa Ƙanƙara. Amatullah ta riga ni tafiya, ta ce ba za ta iya ganin gidan babu kaya ba. Mai gidan, Alhaji Maharazu, abu ɗaya ya roƙa: in bar masa gida yadda na same shi, don wani malamin gona zai tare da iyalinsa. Na amsa masa, ban kuwa yanke abin da zan yi da wannan bangon ba. Na kira Jabiru, ɗan ƙanwata, mai sana'ar fenti. Mahaifiyata ban kira ta ba, amma ta taso daga Sabuwa da tsintsiya biyu da sabulun salo. Ita da Jabiru, kaka da jika, ba a taɓa jin sun gaisa lafiya ba.

"Sannu da zuwa, amarya. Ya hanya?" in ji Jabiru daga kan tsani. "An ce direba kujera biyu ya ba ki, ɗaya taki ɗaya ta bakinki."

"Ka ji marar kunya. Wace ce amaryarka? Tun bara na ce ka ba ni takardata."

"Takarda na nan, biro ne babu."

"Miji ba cefane, sai guga da buroshi." Inna ta duƙa ta shafa ƙasan ɗaki da yatsa, ta duba. "Wa ya share nan?"

"Ni."

"Da gemunka ka share?"

"Hajiya, gidan haya ake bari, ba masallacin Juma'a ba. A share, a kaɗe yana, a shafa farar ƙasa sau ɗaya, a miƙa makulli. Gida nawa na yi wa haka a garin nan, ba wanda ya kai ni ƙara."

"Ƙazamai sun samu ɗan'uwansu. Sauko ka ɗaga mini randar can."

"Mai shigowa ba zai leƙa ƙarƙashin randa ba."

"Matarsa za ta leƙa. Can za ta fara dubawa."

Ya sauko ya ɗaga. Akwai kyankyasai biyu da murfin kwalba. Inna ta dube shi, shi kuwa ya ce baƙi ne, jiya suka tare.

Haka suka yini. Ta sa shi ya kwashe tokar murhu har ya tarar da jar ƙasa. Ta bi tsagar daɓe da tsinke tana zaƙulo gashin da ya maƙale, tana tarawa a gwangwani za ta ƙone.

"Tsohuwa, in kika ci gaba haka, Alhaji zai zo ya tarar da fili. Kin wanke gida har ya narke."

"A gidanmu in za a tashi ba a barin gashi, ba a barin farce, ba a barin sawun yaro. Ubana har ya koma ga Allah Bamaguje ne, amma da muka tashi daga tsohon ƙauye sai da ya bi tsakar gida da reshe yana shafe sawunmu."

"Kin je Makka kin dawo da haƙorin zinare, ashe camfin ajiya kika ba shi a Sabuwa, da kika dawo kika karɓi abinki."

"Ba tsoron maye nike ba, sakarai. Kunya ce. Mutum ya shigo gida ya san abin da kuke ci da inda kuke tofar da yawu? Abin mutum nasa ne, ya tafi da shi."

Ni ina fitar da akwatuna. Duk wucewar da zan yi ta gefen ƙofar nan ce, kuma na lura da abin da Jabiru yake yi. Ya shafe ɗaki, ya shafe zaure, ya shafe kicin, har akurkin kaji da ba wanda ya sa shi. Bangon gefen ƙofa ma ya shafe shi sama da ƙasa. Amma ya kewaye shatin hannun Zahra'u, ya bar masa wuri kamar faɗin faranti.

Inna ta gani tun da wuri. Sai da aka yi la'asar, babu sauran abin sharewa, sannan ta tsaya a gabansa.

"Wanga wurin fa? Ka bar shi ya yi tsiro?"

"Farar ƙasa ta ƙare."

"Ga rabin guga nan."

"Wannan ta tsinke. Ruwa ne zalla."

"Ɗazu da ita ka yi wa kaji kwalliya."

"Buroshin ya gaji, Hajiya. Ba kamar ke ba ne, yana hutawa."

"Raggon miji. Mutum ya hau tsani tun safe, a ce wurin da ba ya buƙatar tsani shi ya gagare shi."

"Lalle ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin farar ƙasa. In ta bushe zai sake fitowa. Wannan sana'ata ce, ki bar ni da ita." Ya juya buroshin a hannunsa. "Kuma Kawu bai ce ba."

Na ajiye akwatin da ke hannuna. Na ce, "In an bar shi fa? Sai in roƙi Alhaji. Ba zai ƙi ba."

Ni ne ɗan farin Inna. Ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana ido da ido ba. Ta dubi Jabiru kamar ba na wurin.

"Gaya ma kawunka, Alhaji ba zai ƙi ba, gaskiya ne. Amma ba Alhaji ne zai kwana nan ba. Matar malamin gona za ta shigo ta gani, ta ce wace ƙazama ce ta zauna gidan nan. Ta ɗauko soso. Tana gogewa tana tsaki, ko sunan mai hannun ba ta sani ba. Ko kuma 'ya'yanta su zana masa gemu da gawayi. In dai gogewa za a yi, wanda ya san yarinyar ya goge."

Na riga na yi wannan tunanin, na ƙi ƙarasa shi ne kawai.

"To ni ba zan iya ba, tsohuwa," in ji Jabiru. Ya yi ƙoƙarin dariya. "Ke da ita kuke rigima a kaina. Ta ce in ta girma ita za ta aure ni, ke a mai da ke mai wanke-wanke."

"Ita ma da ta girma ta gane ka, da ta bar mini kayana." Ta miƙa hannu. "Ba ni ƙarfen da kake kankare bango."

"Hannunki rawa yake. Za ki huda wa Alhaji gida."

"Da hannun nan na yi mata wankan jego tana jaririya, da shi na yi mata na ƙarshe. Bai yi rawa ba. Kawo."

Ya ba ta. Ta kwance kallabinta, ta sa shi ya riƙe a buɗe a jikin bango, ƙarƙashin hannun. Sai ta dakata.

"Ce ma kawunka in yana da abin yi, ya yi."

Na durƙusa, don wurin bai kai ƙuguna ba. Na ɗora tafin hannuna a kai. Ya rufe shi gaba ɗaya, da saura. Bangon da sanyi. Na yi mata addu'a, na tashi.

Inna ta fara daga ƙaramin yatsa. Ba ta yi sauri ba. Garin yana zuba cikin kallabin, fari da ja-ja. Da ta gama ta hure wurin, ta karɓi kallabin ta ƙulle, ta cusa a gefen zanenta.

"Yanzu shafa. Sau uku."

"Ɗaya ake yi."

"Uku. Ɗaya na Alhaji, ɗaya na matar malamin gona, ɗaya don na ce."

Jabiru ya tsoma buroshi a cikin farar ƙasar da ya ce ta tsinke. Ya shafa, ya jira ta sha iska, ya sake, ya kuma sakewa. Sannan ya goge fuskarsa da hannun riga, ya laluba aljihu ya fito da goro.

"Kin ci, amarya. Ungo. Na fasa sakin."

Ta juya goron, ta ɓare, ta duba cikinsa.

"Da tsutsa. Allah na gani, auren nan wahala ne." Ta yi dariya kaɗan, ta ba shi rabi.

Kayan Zahra'u ba su da yawa. Tufafinta mun aika wa dangin Amatullah a Ruwan Godiya, akwai yara sa'o'inta. Allonta na mayar wa malaminsu. Katifarta Jabiru ya ɗaure a babur ya kai wa wata maƙwabciya da ta rasa nata kayan lokacin da suka gudo daga ƙauye. Jakar makarantarta tana wurin mahaifiyarta. Ƙullin kallabin Inna ta tafi da shi Sabuwa, ban tambaye ta abin da ta yi da shi ba.

Da na isa Ƙanƙara, Amatullah ta kawo mini ruwa, ta zauna. Ta tambaye ni ko an bar wa mutane gidansu da tsabta. Na ce an bar musu.