Hanyar Ƙafar da Ba a Bi Sai da Kwalekwale

Jama'a, yau da takalmi ɗaya na dawo gida. Ɗayan yana can ƙarƙashin Tabkin Ɗan Kanya, ya shiga hidimar ƙasa. Kuma ba kowa ya ja mini ba sai rediyo da maiɗakina Saude.

Mako biyu ke nan rediyo na shelar cewa an buɗe wa talakawa "Hanyar Tattakin Iyali" a gandun tsuntsayen da aka keɓe a bakin tabkin ƙauyenmu, can tsakanin Gummi da Bukkuyum. Wai hanya ce shimfiɗaɗɗiya mai sauƙi, yaro ya bi, tsohuwa ta bi, mai ciki ta bi, a zagaye tabki ana kallon kirinjijiya ana shan iska. Wai masana sun gano rashin tafiya a ƙasa ne ke kashe mu. Mu fa! Mu da Innata ta shekara arba'in tana kai fura kasuwar ƙauye uku da ƙafarta. To amma tun da manya sun ce ba ma tafiya, wane ni in musa?

Saude ta ce, "Malam, ko sau guda dai ka kai mu mu ga abin da anka yi muna." Na ce to. Muka shiga mota daga Gummi da 'yan matanmu biyu, Zulai da Khairiyya, an sha kwalliya kamar ranar suna.

Allon sanarwa kam, a yaba. Kore shar, ga hoton wani mutum da iyalinsa suna ta murmushi, ga kibiya tana nuna inda hanya ta fara. Na bi kibiya da ido, sai na ga ruwa. Na ce wataƙila ɗan kududdufi ne a bakin shiga, hanyar tana gaba. Na naɗe wando, na ce wa iyali su tsaya in duba. Taku na farko idon sawu, na biyu gwiwa, na uku laka ta karɓe takalmi, ƙaurina ya daki wani abu mai tauri. Ashe kujerar siminti ce, irin wadda aka gina don tsofaffi su huta. Ina zaune a kanta ba da niyya ba, ruwa iya ƙirji, yara na ƙyalƙyala dariya a bakin gaɓa, sai ga kwalekwale ya tsaya kusa da ni.

"Magaji, kai na? Hutawa kaka yi?"

Baba Makau ne, aminin marigayi mahaifina, manomi kuma masunci, wanda ya haura saba'in a bakin wannan tabki. Shi ya tsamo ni, kuma ina shanya riga a bakin gaɓa ya ba ni labarin da rediyo ya manta bai faɗa ba.

Duk wanda aka haifa a yankinmu ya san tabkin nan fuska biyu gare shi. Da damina ya batse, da rani ya janye ya koma tsakiya, ya bar ƙasa mai danshi. A wannan ƙasa Makau ke shuka albasa, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. To bana, ana tsakiyar zafin bazara, tabki ya tsuke ya zama kamar faifai, sai ga motoci uku. Aka fito da Alhaji Injiniya Mai Taswira, mutumin da aka ce ya karanci ruwa har ƙasar waje, sai dai Allah bai nufe shi da ganin tabkinmu da damina ba. Ya dubi busasshen fili, ya ce madalla, nan hanya za ta bi.

Makau ya cire hula ya matso. "Ranka shi daɗe, nan ga gadon ruwa na. Aro muka yi da rani, da damina mai shi ka dawowa." Ya ja shi gindin kanya, ya nuna masa zanen da ruwa ya bari a jikinta, sama da kan mutum.

Injiniya ya yi murmushin nan da masu ilimi ke yi wa irinmu. Ya buɗe kwamfuta ya nuna masa hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama, babu ruwa ko na alwala. Kuma da gaskiyarsa, domin shi ma tauraron da bazara ya leƙo. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan kafin a ƙirƙiro taswira ne. Aka ja waya, aka tuge albasa, aka zuba jar ƙasa da tsakuwa, aka jera kujerun siminti. Aka ce wa Makau ya yi haƙuri, fili ya zama na tsuntsaye da masu shan iska. Abin da ya rage masa a duniya sai gonar gero guda a kan tudu, ita ke ciyar da mutum tara a gidansa.

Damina ta sauka, mai gado ya dawo gadonsa, bai ma yi sallama ba.

Ku da kuka san manya, kun san ruwa ba ya hana buki. An riga an sa ranar ƙaddamarwa, an ɗinka anko, an yanka sa. Sai ga Mai Girma Sarkin Almakashi, Garkuwan Ƙyalle, wanda in ya kwana biyu bai yanke ƙyallen buɗe wani abu ba hannunsa ke ƙaiƙayi. Aka nemi hanya aka rasa. Aka kafa gora biyu a cikin ruwa, aka ɗaura ƙyalle, aka nemi mai kwalekwale. Wa ke da shi? Makau. Haka dattijon nan ya tuƙa Mai Girma a kan tsohon filin albasarsa, aka zagaye hanyar ƙafa kaf ba wanda ya taka ƙasa. Mai hoto aka ce ya ɗauka daga ƙirji zuwa sama. Ni dai na jinjina, domin ban taɓa jin motsa jiki mai sauƙi irin wannan ba.

Ana tsakiyar tabki Mai Girma ya juyo. "Baba, an ce kai ka san wurin nan. Ina ne ruwa ba ya kaiwa?"

Makau ya ce mini, "Wallahi Magaji, daɗi yak kama ni. Shekara saba'in, babba bai taɓa tambayata komi ba." Sai ya ɗaga filafili ya nuna. "Can tudun ga, ranka shi daɗe, inda geron can yake. Tun kakana ruwa bai taɓa taka shi ba."

Mai Girma ya dubi Injiniya ya ce, "Ka ji ilimin gargajiya. Irin wannan muke so, a riƙa tuntuɓar jama'a. Rubuta." 'Yan rakiya da ke bakin gaɓa suka ɗauki tafi ba tare da sun ji abin da aka ce ba.

Da Makau ya gama ba ni labarin, ya ce in biyo shi. Na bi shi tudu da takalmi ɗaya. Gero ya yi kyau, ya fara fitar da kai, irin wanda manomi ke tsayawa ya kalla ya ce Alhamdulillahi. A tsakiyarsa ga turaku an kafa a jere, an shafa musu jan fenti, sun ratsa gonar daga gabas zuwa yamma. Zango na biyu ke nan na Hanyar Tattakin Iyali. An ce katafila na zuwa da zarar ƙasa ta ɗan tsane, kuma ba a ce za ta jira girbi ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na yi niyyar in yi masa barkwanci kamar yadda na saba, sai na fasa. Raina ya ɓaci, jama'a, ɓacin da ban iya ɓoyewa ba. Mutumin nan sau biyu ya faɗi gaskiya. Ta farko aka ƙi ji, ta ci albasarsa. Ta biyu aka ji, ga ta za ta ci geronsa.

Ya dafa turke guda, ya ce, "An ce kana rubutu jarida ko?"

Na ce, "E, Baba."

"To ka rubuta ka ce ƙarya nay yi. Ka ce ruwa na zuwa nan. Ka ce tsuhwa ta kama ni, ban san abin da nika hwaɗi ba." Ya dube ni. "Ubanka ya san ban taɓa ƙarya ba. Amma ka rubuta hakan."

Saboda haka, ya Mai Girma, Allah ya ƙara wa almakashi kaifi, ga shaidata. Makau maƙaryaci ne, kowa ya sani. Tudun nan duk shekara nutsewa yake yi. Kada na kwana a cikin geron, na gan shi da idona, har da 'ya'yansa. Don Allah a cire turakun kafin a yi asarar siminti.

Ku kuma masu karatu, kowa ya kama bakinsa. Ban damu da abin da na rubuta a sama ba, manya ba su karanta tsakiyar takarda, ƙasa kawai suke dubawa su ga inda za a sa hannu.